Kafin ka ce wa jama'a ga sabuwar siga nan

Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Kwalejin Hassan Usman da na kwalejin tarayya da ke Daura, da damansu yanzu suna da rumbun kod a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, kuma wannan abin farin ciki ne. Sai dai rubuta kod daban, sakin siga (wato fitowar manhaja mai lamba, version) daban. Ranar da ka liƙa wa aikinka lamba ka ce a sauke, ka ɗauki alkawari, domin wani da ba ka taɓa gani ba zai ɗora nasa aikin a kan naka.

Mu ɗauka ka rubuta ƙaramar manhaja da Python mai juya adadin kuɗi zuwa kalmomi, a ba ta 2,500 ta rubuta "naira dubu biyu da ɗari biyar", kuma sigar da ke hannun mutane ita ce 1.3.2. Tsarin lambobi da aka fi bi shi ne Semantic Versioning, wanda Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya tsara. Idan kuskure kawai ka gyara, sabuwar siga 1.3.3 ce. Idan ka ƙara lissafin kwabo ba tare da taɓa tsohon aiki ba, 1.4.0. Idan kuwa ka sauya sunan wani aiki da mutane ke kira a cikin nasu kod ɗin, to 2.0.0, ko da harafi ɗaya ka canza. A nan ake yawan zamewa, mutum ya auna lamba da yawan gumin da ya yi. Abin aunawa shi ne ko kod ɗin wani zai karye.

Da ka tsai da lamba, rufe ƙofa. Duk sabon abin da aka turo ya jira siga ta gaba. Rubuta fayil ɗin CHANGELOG da harshen mai amfani: me aka ƙara, me aka gyara, me aka cire, wanda zai sabunta me ya kamata ya yi. Sannan bi duk inda tsohuwar lamba take, pyproject.toml da cikin kod da takardun bayani, don kada kunshi, wato fayil ɗin da mutane za su sauke, ya ce 1.4.0 manhaja ta ce 1.3.2. In canjin babba ne, fara fitar da sigar gwaji, 1.4.0rc1, abokan aiki su gwada.

Sai tambari, wato alamar da za ka liƙa a Git, manhajar da ke adana tarihin kod, don nuna daidai inda sigar ta tsaya. Rubuta git tag -a v1.4.0 -m "Siga 1.4.0", ko ka sa -s in kana da makullin sa hannu. Ka lura, git push kaɗai ba ya tura tambari, sai ka ce git push origin v1.4.0.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya. Kada ka haɗa kunshin a foldar da kake aiki kullum. Sauko da rumbun sabo fil a wata folda, koma kan tambarin, sannan ka rubuta python -m build. Foldar aikinka cike take da abubuwan da Git bai san da su ba. Fayil ɗin .env mai ɗauke da kalmar sirri yana iya bin kunshi ya fita duniya. Ko kuma fayil ɗin kalmomin Hausa da manhajar ta dogara a kai ya zama a kwamfutarka kaɗai yake, a wajenka komai lafiya, a wajen kowa ta ƙi tashi. Buɗe kunshin ka karanta sunayen fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Masu npm, rumbun kunshin JavaScript, suna da npm pack --dry-run don wannan. Abin da ke cikin kunshi ya zama daidai da abin da ke rumbu. A watan Maris na 2024 Andres Freund ya gano ƙofar ɓoye a xz, manhajar matse fayil, siga 5.6.0 da 5.6.1, kuma wani ɓangare na mugun kod ɗin a kunshin da aka saki kaɗai yake, wanda ya duba rumbun Git ba zai gan shi ba.

Bayan nan ka girka kunshin a sabon venv, keɓaɓɓen wurin girka kayan Python, kamar baƙo. Ka kuma nemi kwamfuta mai Windows, tunda ita ce a hannun yawancin mutanenmu. Idan ka buɗe fayil ba ka rubuta encoding="utf-8" ba, a Linux ba za ka ga komai ba, amma a Windows "ɗari" tana iya fitowa "É—ari", "ƙasa" ta koma "Æ™asa". Manhajar Hausa da ta kasa rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba ta kai a sake ta ba.

Dalilin duk wannan taka-tsantsan shi ne sakin siga kamar magana ce, zarar bunu. PyPI, rumbun da ake ɗora kunshin Python, ba ya karɓar fayil mai sunan da aka taɓa ɗorawa, ko da ka goge na farkon. Haka npm, lambar da aka yi amfani da ita ta tafi ke nan. Don haka fara ɗorawa a TestPyPI, rumbun gwaji na PyPI. Tun farkon 2024 PyPI ya wajabta tantancewa mai mataki biyu, saboda haka adana lambobin ceto a takarda, waya tana ɓata. Mafi alheri kuma ka bar GitHub Actions, mai gudanar da aiki a kwamfutocin GitHub, ya haɗa ya ɗora ta tsarin Trusted Publishers, wato ɗorawa ba tare da kalmar sirri ba, da PyPI ya fito da shi a 2023. A wajenmu wannan rahama ce: tambari kawai za ka tura da 'yar datarka, ko an ɗauke wuta ko sabis ya yanke, aikin na can yana tafiya.

Masu manhajar Android, abu biyu. Dole versionCode, lambar da Android ke gane sabuwar siga da ita, ya haura na baya. Kuma makullin da aka sa wa siga ta farko hannu da shi, shi za a sa wa duk na bayanta. Idan kai ke raba APK, fayil ɗin girka manhajar, da kanka kuma makullin ya ɓata, wayar da ke da tsohuwar siga ba za ta karɓi sabuwa ba sai an goge tsohuwar, tare da bayanan da ke cikinta. A Katsina APK yana yawo ta Xender da WhatsApp daga hannu zuwa hannu, don haka wallafa sakamakon sha256sum, lambar da ke nuna ba a sauya fayil ba, a shafin sakin, kuma ka gwada a tsohuwar Itel ko Tecno mai ƙaramin ma'aji.

Game da rana, ni ban ga amfanin saki daren Alhamis ko jajibirin Sallah ba. Ƙorafi a sa'o'in farko yake zuwa, ga Juma'a ga hidimar gida, babu mai amsawa. Litinin ko Talata da safe ya fi.

In duk da haka siga ta fita da matsala, kada ka goge ta, kada kuma ka matsar da tambari zuwa wani wuri, domin waɗanda suka riga suka sauke suna riƙe da na farkon. A watan Maris na 2016 an cire left-pad daga npm, kod mai layi 11 kacal, sai ga manyan ayyukan da suka dogara da shi, irin su Babel, sun ƙi haɗuwa. A PyPI akwai yank: pip, mai girka kunshin Python, zai riƙa tsallake sigar, amma wanda ya ɗaure aikinsa da ==1.4.0 zai same ta. A npm akwai npm deprecate mai nuna gargaɗi ga mai saukewa. Gyara kuskuren, rubuta gwajin da zai kama shi in ya dawo, bayyana abin da ya faru a CHANGELOG, ka fitar da 1.4.1 ta wannan hanyar tun daga tambari.