Ledar maganin Inna

Shekara huɗu ke nan ina raka mahaifiyata asibiti ranar masu ciwon sukari, amma sai a bara na lura cewa amsar da take ba likita daban take da wadda take ba ma'aikaciyar jinya. Idan likita ya tambaye ta ko tana shan magani, sai ta ce tana sha, domin layi ya yi tsawo a waje, kuma a ganinta bai dace ta ɓata wa babban mutum lokaci da ƙorafi ba. Sista kuwa ba ta yin wannan tambayar. Takan ce, "Hajiya, a miƙo mini ledar," sannan ta zazzage magungunan a kan tebur ta ƙirga abin da ya rage.

Ƙirgar farko ce ta tona asiri, domin fiye da rabin maganin sukari mai suna metformin na wata guda yana nan ba a taɓa shi ba. Na zaci za a yi faɗa, sai na ji ta tambaya a hankali abin da maganin yake yi mata. Nan Inna ta faɗi abin da ko ni ba ta taɓa gaya mini ba, wato ƙwayar tana murɗa mata ciki tana sa ta gudawa, shi ya sa ta koma ga jiƙon shuwaka da wata maƙwabciya ta yaba mata. Sista ta bayyana mata cewa wannan damuwa sananniya ce a makonnin farko, kuma takan lafa idan ana sha tare da abinci, sannan ta shiga wurin likita da kanta aka rage adadin don a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ba ta kushe shuwakar ba, ta dai ce kada ta maye gurbin ƙwaya, kuma ina ganin wannan rashin kushe shi ne ya sa Inna ta ci gaba da faɗa mata gaskiya.

Da azumi ya ƙarato, Sista ce ta zaunar da mu a kan glibenclamide, wani maganin sukari wanda yake iya saukar da sukari fiye da kima idan ciki babu abinci. Ta koya mana alamun, wato jiri da gumi da rawar jiki, ta kuma ce idan na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70, a karya azumi nan take.

Ba kowa yake amsa wannan kulawa ba. Maza da yawa a layinmu sukan karɓi takardar magani su wuce kasuwa, wasu kuma kuɗin saye ne ya gagare su, abin da nasiha ba ta magance shi.

A watan jiya an yi wa Inna gwajin da yake nuna matsakaicin sukarin jini na kusan wata uku, kuma ya sauka sosai. Yanzu tun daga gida take ɗaure ledarta a bakin mayafi, kuma kafin a tambaya take ajiye ta a kan tebur.