Yadda ƙwai ya kusa sa ni daina koyon Python

Na kai wata uku ina kallon bidiyon koyon Python, wato yaren rubuta shirin kwamfuta, a YouTube, data na tafiya a banza, idan malamin yana yi komai na gane amma da na rufe bidiyon na buɗe Pydroid 3, manhajar rubuta Python, a wayata sai kai ya ɗauke wuta, ko layi biyar ba na iya rubutawa. Kwamfuta kuma ba ni da ita, da babban yatsa nake ta fama.

Abin da ya canza min lissafi shagon Yayana ne. Kayan masarufi yake sayarwa, kullum da daddare sai ya zauna da littafi da biro yana haɗa ciniki. Na ce Yaya bari in riƙa shigar maka a waya, ya ce kai dai ka so wasa, amma ya bar ni. Na buɗe fayil na sa masa suna ciniki.txt, kowane layi sunan kaya, waƙafi, sai kuɗi. Misali sukari,1500 haka dai.

Karanta fayil ɗin bai ba ni wuya ba, umarnin with open ne ya buɗe shi sai zagayen for ya bi layi-layi, split ya raba min suna da kuɗi ya zuba a jeri, abin da Python ke kira list. A nan na fara shan mamaki, ashe daga 0 ake fara ƙirga ba daga 1 ba, na nemi suna ya miƙo min kuɗi. Kuɗin ma ashe rubutu ne a wurinsa, na haɗa 500 da 200 ya ba ni 500200, sai da na sa int, mai mayar da rubutu lamba.

Da jeri kaɗai na fara, guda biyu, ɗaya na sunaye ɗaya na kuɗi, wahalar banza wallahi. Da na gane dict, wato ƙamus, sai na ga ai shi aka yi domin wannan aikin: sunan kaya ne mabuɗi, jimillar kuɗinsa na gefe. KeyError, wato saƙon kuskure na cewa babu mabuɗin, ya dame ni kwana biyu saboda ina ƙara kuɗi a kan kayan da bai shiga ƙamus ba tukuna, get ne ya raba mu, idan babu sai ya fara daga 0.

To sai maganar ƙwai. Na buga sakamako Yaya ya leƙa ya ce ƙarya ne, ƙwan da na sayar ya fi haka. Na duba, ashe ƙwai gida huɗu ya kasu: ƙwai, kwai, Ƙwai, da wani ƙwai mai ɗan fili a bayansa wanda ido ba ya gani. Mu a wurinmu abu ɗaya ne, shi kuwa kaya huɗu yake gani daban-daban. strip ya cire filin, lower ya mayar da babban baƙi ƙarami har Ƙ ɗin ma, amma kwai mara lanƙwasa sai da na yi wani ɗan ƙamus na gyaran rubutu da hannuna. Laifina ne kuma, wani lokaci ina sauri ba na danna k ɗin in riƙe.

Ban gama da shi ba na kai fayil ɗin kwamfutar wani abokina mai Windows, sai ga Æ™wai a allo! Na ɗauka fayil ɗin ya lalace. Ashe ƙ a UTF-8, tsarin da wayata ke adana rubutu da shi, gurbi biyu take ci, wato bayit biyu, shi kuma Python ɗin can da tsohon tsarin Windows ya karanta, kowane bayit ya zama baƙi mai zaman kansa. encoding="utf-8" a cikin open, shikenan. Babu bidiyo ko ɗaya da na kalla da ya nuna min wannan, su ai duk misalansu babu ƙ babu ɗ babu ɓ. Hatta sorted, mai jera sunaye bi da bi, ƙuli-ƙuli can ƙasan zuma yake jefa shi, domin lambar kowane baƙi yake bi, lambar z 122 ce ta ƙ kuwa 409. Wannan har yau ban gyara ba, na bar shi haka.

Wanda ya fi min ciwo shi ne w. Na so in ƙara layi ɗaya na buɗe fayil da w mai share komai ya rubuta sabo, maimakon a mai ƙarawa a kan na da, cinikin sati uku ya shafe tas, ko tambayata bai yi ba. Allah Ya taimake ni na taɓa tura wa kaina fayil ɗin a WhatsApp, sauran kwanakin kuma daga littafin Yaya na kwafo, yana ta min dariya yana cewa ai biro ba ya goge kansa.

Yanzu shirin bai kai layi talatin ba amma yana aiki. Jiya ma Yaya ya ce in duba masa ko injin nawa zai iya riƙe masu bashi, kowa da kayan da ya ɗauka, kenan ƙamus a cikin ƙamus. Littafin dai Yaya ya ce yana nan a durowa.