Tafiyata Sutherland, garin masu duban taurari

Da hantsi muka bar Cape Town a cikin ƙaramar bas, ɗalibai daga ƙasashen Afirka daban-daban, kowa da jakarsa da rigar sanyi. Ni lokacin ina ajin ƙarshe a sashen fiziks, wani horo na ɗan lokaci ne ya kai ni Afirka ta Kudu. Muka hau babbar hanyar N1, muka ratsa ta ƙarƙashin dutse bayan Paarl, muka wuce gonakin inabi na Worcester. Daga nan kore ya soma janyewa, har muka shiga Karoo: fili fetal, duwatsu da gajerun tsirrai, sai tumaki jefi-jefi. A Matjiesfontein muka karya kwana muka yi arewa, sama da kilomita 100 babu gari babu kasuwa, hanya tana ta hawa.

Sutherland ƙaramin gari ne, yana cikin wurare mafi sanyi a ƙasar, mu kuma a watan Yuli muka je, tsakiyar hunturunsu. Alwalar asuba a can sai mai niyya, ruwan yana taɓa hannu yatsu su sandare. Alƙibla ma sai da na sake koyo, domin arewa ake fuskanta a ɗan karkata gabas.

Cibiyar duban taurarin tana kan tudu a wajen gari, kimanin mita 1,800 daga doron teku. Saboda tsayin wurin da bushewar iska da nisansa daga fitilun birane aka zaɓe shi. Abin da ya fi jan kowa shi ne SALT, babbar na'urar hangen nesa da shugaba Thabo Mbeki ya buɗe a 2005. Na sha ganin hotonta, amma da na tsaya a gindinta sai bakina ya mutu. Faɗin madubinta kusan mita 11 ne, kuma ba falle ɗaya ba ne: ƙananan madubai 91 ne masu kusurwa shida aka jera kamar saƙar zuma. A gefen ginin akwai wata doguwar hasumiya da ake amfani da ita wajen daidaita su, har su yi aiki tamkar madubi guda. Na'urar ba ta ɗaga kai ba ta sunkuyawa. A karkace take zaune, digiri 37 daga tsakar sama, sai dai ta juya a kan gindinta ta jira tauraro ya shigo inda take iya gani, sannan wani ɓangare da ke can samanta ya riƙa binsa. Da wannan dabarar aka rage kuɗin gini ƙwarai, kuma daga na'urar Hobby-Eberly ta jihar Texas a Amurka aka ɗauko tsarin.

Wani abu ya tsaya mini a rai fiye da girman madubin. Mai binciken da ya nemi a duba masa tauraro ba ya zuwa Sutherland. Buƙatarsa yake turowa, ma'aikatan dare su jera ta a layi, in yanayi ya dace su ɗauki hasken, na'ura ta warware shi zuwa launukansa, a aika masa da bayanan ta intanet. Daga waɗannan launuka ake gane sinadaran da ke cikin tauraro da zafinsa da gudun da yake yi. Ke nan aikin gaske a gaban kwamfuta yake, kuma kwamfuta akwai ta a Kano da Zariya da Maraɗi.

Da dare muka fita da ƙananan tociloli masu jan haske, don farin haske yana ɓata ido. Tsakiyar tarin taurarin da duniyarmu ke ciki tana bisa kanmu sosai, fari tas daga wannan gefe zuwa wancan. Aka nuna mana Alpha Centauri, wanda haskensa ke shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso mu, da wasu gajimarai biyu da ba sa watsewa, ashe tarin taurari ne masu zaman kansu, babban yana da nisan shekarun haske kusan 160,000. Tauraron arewa kuwa ba a ganinsa sam daga can.

A ɗakin cin abinci na zauna da wani ɗan Najeriya da ke digiri na biyu. Ya tambaye ni me zan yi bayan bautar ƙasa, na ce ƙila koyarwa. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ƙanena, koyarwa aikin lada ne, amma kada ka ɗauka ita kaɗai ce ƙofa." Sai ya shiga lissafo mini. Akwai NASSP, shirin horas da ɗalibai kan ilimin taurari da sararin samaniya da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003. Akwai AIMS, cibiyar nazarin lissafi da masanin fiziks Neil Turok ya kafa a Muizenberg kusa da Cape Town, ita ma a 2003, tana ɗaukar nauyin 'yan Afirka masu digiri a lissafi ko fiziks, kuma tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda. CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai da ke Geneva, tana karɓar ɗaliban jami'a a lokacin bazarar Turai, har daga ƙasashen da ba mambobinta ba. Cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a Trieste ta ƙasar Italiya a 1964 tana da difloma ta shekara guda domin ɗaliban ƙasashe masu tasowa. A gida ma akwai cibiyar bincike ta NASRDA, hukumar sararin samaniya ta Najeriya, a Nsukka, garin da Farfesa Samuel Okoye ya shuka wannan ilimi.

Gaskiya raina ya sosu. Na tuna abokan karatuna da suka fi ni kai, waɗanda suka shigo fiziks don ba su samu likitanci ko injiniyanci ba, suna ƙirga kwanakin fita kawai. Ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, labari ne bai kai gare su ba. Kuma wannan karatu ba baƙo ba ne a wurinmu, malamanmu na zaure sun daɗe suna lissafin manzilolin wata da taurarin damina.

Tun a hanyar komawa na soma rubuta wa 'yan aji biyu da uku na sashenmu saƙo. Su riƙe lissafi da kyau. Su koyi Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ko da aron kwamfuta ne. Bayanan taurari da tauraron ɗan'adam na Gaia da shirin zana taswirar sama na SDSS suka tattara kyauta suke a intanet, ana iya gina aikin kammala digiri a kansu. Su yi fasfo da wuri, su nemi takardar sakamako tun kafin a buƙata, su kuma kusanci malami ɗaya ko biyu da za su san aikinsu har su iya rubuta musu takardar shaida, domin yawancin waɗannan shirye-shirye watanni kafin a fara suke rufe karɓar takardu.