Tarihin Rayuwata (Kashi na 17): Ranar da Bashin Kaji Ya Biyo Ni Samaru

A makon jiya na tsaya a inda zafin watan Afrilun 2021 ya kashe mana kaji a gonar da muka haɗa gwiwa da abokina a hanyar Shika. Mai abincin kajin da ke bin mu bashi bai nufi gona ba, ya san babu komai a can sai keji. Shagona na fotokwafi da ke Samaru a Zariya ya zo, ɗalibai na tsaye a layi, ya dafa injin ya ce in ba a biya shi ba wannan zai ɗauka. Da ƙyar maƙwabta suka ba shi haƙuri. Har yau ina ganin wannan hannun a kan injin.

Lokacin sana'a uku nake juyawa: fotokwafi, rumfar POS a Kwangila, sai kajin, kuma duk aljihu ɗaya kuɗinsu ke shiga. Washegari na nufi Tudun Wada wurin 'yar ƙanwar mahaifiyata, lauya ce, a reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, nan Zariya, ta yi karatu.

"Yaya, ko kotu ya je zai iya kaiwa ga injin nan," in ji ta. "Rajistar sunan kasuwanci da ka yi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, suna kawai ta tsare maka. A wurin doka kai da shagon abu ɗaya ne."

Ta ce kamfanin limitad kuwa daban yake da mai shi. Shi ke cin bashi, shi ake kai ƙara, asararka ba ta wuce hannun jarin da ka ɗauka a kamfanin ba, sai in da hannunka ka tsaya masa lamuni. Kuma tun da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kamfanoni ta CAMA a Agustan 2020, mutum ɗaya ma na iya buɗe ƙaramin kamfani, da hannun jarin da bai gaza naira 100,000 ba. A da sai mutum biyu.

Nan take na ce a zuba duka ukun cikin kamfani ɗaya. Ta girgiza kai.

"To ai ka sake haɗa su a tukunya ɗaya ke nan. Kaji su mutu, a ɗauki inji."

Na ce to a yi uku. Ta lissafa mini: kowanne da asusun bankinsa, da lambar harajinsa, da rahoton shekara da za a kai wa CAC, in an makara ga tara. Rumfar POS da ke ƙarƙashin lema ba za ta iya wannan ɗawainiyar ba.

Kwana uku ina juya maganar, barci sai ɓarawo. Abin da na gane shi ne, katanga a inda ake cin bashi ake gina ta, da inda kuɗin wani ya shigo cikin naka. Kaji ne ke da duka biyun. Muka yi musu limitad, ni kashi 60, abokina kashi 40, a rubuce. Fotokwafi da POS suka zauna a ƙarƙashin tsohon sunan.

Da na gaya wa Baba, tambaya ɗaya ya yi: in rai ya yi halinsa, yaya rabon gado? Na ce kashina a rubuce yake, magada ba sai sun yi jayayya da abokina ba. Ya ce Allah ya sa albarka.

Tsohon bashin dai yana wuyanmu, sabuwar rajista ba ta goge shi ba. Wata bakwai muka yi muna biya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda muka kwashe da banki wajen buɗe wa kamfanin asusu.