Kunyar ɗan fari

Na je barka Unguwar Rogo, nan Jos, na tarar da jariri yana ta tsala kuka, mai jego na gefe ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, wai kunyar surukarta take ji. Sai da Hajiya ta ce, "Ke 'yar nan, ɗauke shi mana!" Tana ɗora shi a ƙirji ya yi tsit.

Kara tana da kyau, amma jariri ina ya san ta? Muryar uwarsa ya sani tun yana ciki. In ya yi kuka aka kula shi, a nan yake koyon yarda da mutane. Ɗumin ƙirjin kuma yana daidaita masa numfashi da zafin jiki, balle a sanyin garin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi a sa shi a nono cikin awa 1 da haihuwa.