Shekarun zanen kan dutse: inda aikin mai bincike yake tsayawa

Mai binciken zanen da mutanen dā suka bari a jikin duwatsu yana iya ƙare rayuwar aikinsa a kan tambaya guda: yaushe aka yi wannan? Ma'anar zanen kowa yana da ta cewa a kai, amma shekarunsa sai da hujja, kuma hujjar tana lalacewa tun ranar da aka fara taɓa dutsen.

Aikin Henri Lhote ya isa misali. Bafaranshen ya jagoranci tawaga zuwa Tassili n'Ajjer a kudu maso gabashin Aljeriya a 1956 zuwa 1957, suka kwafi ɗaruruwan zane, aka baje su a Faris, duniya ta san cewa Sahara ta taɓa zama ƙasar shanu da koguna. Sai dai don launi ya fito, sukan jiƙa bangon da soso da ruwa. Ruwan yana narkar da gishirin da ke cikin dutse, ya dawo da shi sama idan ya bushe, launi ya dushe, sannan ya wanke ɗan abin da za a iya auna shekaru da shi. Sun yi aikin da zamaninsu ya sani, amma waɗanda suka zo bayansu ne suka biya kuɗin sabulu.

Yanzu ƙa'ida ita ce a rubuta komai ba tare da hannu ya kai jikin zanen ba. Ana ɗaukar lambar wurin da GPS, a ba kowane bango lambarsa, a rubuta inda yake fuskanta da irin dutsen. Kowane hoto yana ɗauke da ɗan ma'auni mai tsawon santimita 10 da launuka a jikinsa, a riƙe shi kusa da bango, kada a manna. Idan ana son siffar bangon a kwamfuta, sai hotunan su riƙa hawa kan juna da kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, in ba haka ba manhajar za ta bar ramuka. Zanen da aka sassaƙa ba ya fitowa da rana tsaka, sai da hantsi ko la'asar sakaliya, ko a haska fitila daga gefe. Goga alli a cikin layukan, wanda aka daɗe ana yi, ɓarna ce tsagwaronta. Launin da ya kusa ɓacewa kuwa manhajar DStretch ta Jon Harman tana fito da shi daga hoto.

Auna shekaru shi ne wurin wahala. Awon kabon yana aiki ne kawai a kan abin da ya taɓa rayuwa. Bayan abu ya mutu, rabin wani nau'in sinadarin kabon da ke jikinsa, mai lamba 14, yana ƙarewa duk shekara 5,730, kuma bayan kimanin shekara 50,000 abin da ya rage ba ya aunuwa. Baƙin zanen da aka yi da gawayi yana ba da amsa da ɗan ƙwayar da ba ta wuce 'yan miligiram ba. Haka aka gano cewa wasu dabbobin kogon Chauvet a Faransa, wanda aka gano a 1994 kuma Jean Clottes ya jagoranci bincikensa, sun kai wajen shekara 36,000. Amma awon yana faɗin lokacin da itacen ya mutu ne. Idan mai zanen ya tsinci tsohon gawayi a ƙasan kogo, lissafi ya zarce. Gumin hannu, hayaƙi ko gansakuka kuwa suna sa sabon kabon, zanen ya fito yaro. Shi ya sa ake ɗaukar samfur da safar hannu da tsabtatacciyar aska, a naɗe a takardar alminiyom.

Jan launi, wanda ya fi yawa a duniya, ƙasa ce mai tsatsar ƙarfe, babu kabon a cikinta. Nan sai a duba farin ɓawon da ruwa ya bari a saman zanen, a auna yuraniyom ɗinsa, wani sinadari da ke rikiɗa a hankali da wucewar shekaru. Da wannan hanya Maxime Aubert da abokan aikinsa suka ba wani aladen daji a tsibirin Sulawesi na Indunusiya aƙalla shekara 45,500 a 2021. Kalmar "aƙalla" ita ce 'yan jarida suke yawan yarwa: ɓawon ya zo bayan zanen, don haka zanen ya girme shi da adadin da awon bai faɗa ba. Kuma idan ruwa ya taɓa wanke yuraniyom daga ɓawon, shekarun sai su kumbura. A kan wannan ne ake ta ja-in-ja da iƙirarin 2018 cewa wasu alamomi a kogunan Sifen sun haura shekara 64,000.

Haƙa a gindin bango yana taimakawa, in an yi sa'a. Ana yanka ƙasa murabba'in mita ɗaya-ɗaya, a sauka santimita 5 zuwa 10 a kowane zubi, a tankaɗe duk ƙasar da rariya. Tsingaro da ƙashi da toka suna nuna an zauna a wurin, ba sa nuna cewa mazaunan ne suka yi zanen. Abin da ake fata shi ne ɓallin bango mai launi da ya faɗo cikin shimfiɗar ƙasar da za a iya aunawa.

Inda duk waɗannan suka gaza, kamar raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabous a Nijar da babban cikinsu ya haura mita 5, sai a koma ga wane zane ya hau kan wane, da duhun da layukan suka yi, da dabbobin da aka nuna. A Sahara shanu sun riga dawaki, dawaki sun riga raƙuma. Wannan yana ba da jeri, shekarun da ake liƙa masa kuwa ƙiyasi ne, kuma ya kamata a rubuta su a matsayin ƙiyasi.