An sallame mu, Auta tana gida

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu. An sallame mu daga asibiti. 'Yata Auta mai ciwon sikila tana gida, tana cin abinci, har ta fara rigimar a kai ta makarantar Lahadi. Jikina duk a mace yake, amma ba zan bari shekarar nan ta fita ban buɗe baki na yi godiya ba.

Kun san yadda sikila take yi da yaro idan hunturun Kano ya sauka, kun kuma bi mu tun farko, ba sai na maimaita ba. Dare ɗaya kawai nake so in faɗa. Wajen ƙarfe biyu likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, a nemo leda ɗaya kafin asuba. Matasa biyu daga ikilisiyarmu ta Sabon Gari suka iso a guje, aka gwada, dukansu AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila, likita kuwa jinin mai AA, wanda ba ya ɗauke da ita, yake nema. Na zauna a dandaɓar ƙasa a barandar ɗakin yara, sanyi yana ratsa zanina, na buɗe baki zan yi addu'a, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Ni da nake jagorar addu'a a Zumuntar Mata! Tsoro ya riƙe mini harshe.

Maman Biyu ce ta durƙusa kusa da ni, ta cire mayafinta ta rufe mini ƙafafu, ta ce, "'Yata, yi shiru abinki, mu za mu yi miki." Ta tuna mini Romawa 8:26, cewa idan ba mu san abin da za mu roƙa ba, Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa. Ban ji ƙarfi nan take ba. Na dai san ba a bar ni ni kaɗai ba, kuma da wannan begen na kai safiya.

Na san ba ku so a ambace ku, amma ku yi haƙuri. Maman Biyu, Ubangiji ya rufa miki asiri yadda kika rufa mini. Malam mai shagon ƙofar gidanmu, Musulmi ne, maigidana ya buga masa ƙofa cikin dare, bai tambayi komai ba, ya sa takalmi ya biyo shi, ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa. Malam, jininka ne a jikin 'yata yau. Allah ya raya maka zuriya, ya tsare su daga ciwo, ya sa albarka a kasuwarka, kada ka taɓa neman taimako ka rasa. Baba Fasto da ya sa aka yi baiko na musamman a ikilisiya, aka tara kuɗi dominmu a wannan tsadar rayuwa, 'yan kwaya da suka zo suka rera mata waƙar Kirsimeti a hankali a bakin gado, ma'aikaciyar jinyar da ta yi ta neman jijiya a ɗan hannun nan ba tare da tsaki ba, Ubangiji ya sāka muku ninki ba ninki.

Akwai 'yan uwa na jini da ke cikin garin nan, kuɗin a-daidaita-sahu kawai ke tsakaninmu, ko waya ba mu samu ba. Ya yi mini ciwo. Na bar wa Ubangiji.

Mun baro wasu yara a ɗakin asibitin nan, iyayensu za su shiga sabuwar shekara a kan benci. Ku sa su a addu'ar daren ƙetare shekara. Mai lafiya ya je ya ba da jini tun ba a buga masa ƙofa ba, matasanmu kuma ku yi gwajin jini kafin maganar aure ta yi nisa.

Sujadar godiya ranar Lahadi mai zuwa ce, ƙarfe tara na safe. Wanda ya kira ban ɗauka ba ya gafarce ni, zan neme ku ɗaya bayan ɗaya idan na ɗan huta.